Ku Bar wa Iska da Haske Hanya

'Ya'yana da ƙannena, musamman ku da kuke shirin aure ko kuka fara tara bulo a fili, ina so mu yi magana a kan abin da ba ya shiga lissafin kayan ɗaki. Idan biki ya matso, gwaggwanni da ƙannen uwa sukan zauna da takarda da biro: gado da katifa, kujeru saiti biyu, labule mai ninki uku, kafet, madubi, kayan kicin. Ango kuma yana can yana fama da mai tayil da mai fenti da mai silin. A ci bashi, a sayar da gona ko saniya, a cika ɗaki maƙil. Amma da wuya ka ji wanda ya tsaya ya tambaya: ɗakin nan taga nawa gare shi? Ta ina iska za ta shiga, ta ina za ta fita? Wane bango rana take duka da la'asar? Idan yarinyar nan ta ɗaga labule, me idonta zai gani? Amsar waɗannan tambayoyi ita za ta yanke muku irin barcin da za ku riƙa yi, da halin da za ku riƙa tashi da shi da safe, shekara da shekaru bayan fenti ya koɗe.

Na san kuna gani a Instagram da TikTok yadda masu ƙawata gidaje a Turai da Amurka da Dubai suke yayin shigo da tsirrai da itace da dutse da hasken rana cikin falo. Yayi ne, amma yana da tushe. A 1984 wani masanin halittu Ba'amurke, Edward Wilson, wanda ya yi suna wajen nazarin tururuwa, ya fitar da littafi yana kafa hujja cewa son abu mai rai a jinin ɗan Adam yake, shi ya sa ransa ke kwanciya a gaban bishiya da ruwa da tsuntsu. A wannan shekarar kuma mujallar kimiyya ta Science ta buga binciken wani masani, Roger Ulrich. Ya ɗauko takardun majinyata 46 da aka yi wa aikin maɗaciya a wani asibitin jihar Pensilbaniya tsakanin 1972 da 1981. Ɗakunansu kusan iri ɗaya ne, abin da ya raba su taga ce. Rabinsu suna hango bishiyoyi daga kan gado, rabi kuma bangon bulo suke kallo. Masu kallon bishiyoyi sun yi kimanin kwana 8 bayan aikin aka sallame su, masu kallon bango sun doshi kwana 9. Na farkon ba su sha maganin kashe zafi mai ƙarfi kamar na biyun ba, kuma ma'aikatan jinya ba su cika rubuta cewa suna cikin damuwa ba. Mutum 46 ba su da yawa, amma binciken ya buɗe ƙofa ga wasu da dama, har masu zana asibitoci suka fara lissafa taga da lambu cikin kayan jinya.

Abin da ke damuna shi ne irin yadda yayin ya iso kasuwanninmu. Abin da ya zo mana furen roba ne, da kafet mai kama da ciyawa, da takardar bango mai hoton ruwa yana gangarowa daga dutse. Sai ka shiga gida ka tarar an sare darbejiyar tsakar gida wai tana zubar da ganye, an malale ko'ina da siminti ko intalok, an toshe taga da bayan wardirof, sannan an jera furen roba a kusurwa yana tara ƙura. An kori na gaske an ajiye hotonsa, kamar a miƙa wa mai ƙishirwa hoton randa. Jikin mutum ba ya ruɗuwa da wannan. Fata tana jin zafin da siminti ya sha tun safe yana mayarwa da dare, hanci yana shaƙar iskar da ta kwana a ɗaki, ido yana gajiya da ƙyalƙyalin da ba ya sauyawa.

Idan kuna Kano, ku je Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ku tsaya cikin soro ku ji bambanci. Katangar ƙasa mai kauri tana shan zafin rana a hankali, ba ya ratsowa ciki sai bayan sa'o'i masu yawa. Kafin ya iso dare ya yi, mutanen gida sun baje tabarmi a tsakar gida. Da hunturu kuma wannan ɗumin da bango ya adana shi ke raka mutum har asuba. Azarar rufi daga giginya ake tsaga ta, saboda gara ba ta cika yi mata illa ba. Makuba daga kwasfar ɗorawa ake samun ta, a shafe bango da daɓe su yi ƙarfi. Asabarin bakin ƙofa yana tare ido ya bar iska ta wuce. Randa tana tsattsafar da ruwa ta jikinta, iska na busar da shi, na ciki yana yin sanyi. A tsakiyar duk wannan akwai tsakar gida: sama a buɗe, inuwar bishiya, kaji da tattabaru, turmi, igiyar shanya, wurin da mace za ta yi aikinta ba mai leƙenta kuma ba a raba ta da hasken Allah ba. Maginan da suka yi wannan gwanaye ne. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, har yau masana gine-gine na duniya suna nazarin bakan gizonsa. A Yama ta jihar Tawa a Nijar, masallacin ƙasa da Falke Barmu ya fara ginawa a 1962 ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Kada ku ɗauka ina cewa ku koma ginin da kakanninku suka bari. Shi ma yana da nasa aibin. Ɗakuna da yawa duhu gare su saboda ƙanƙantar taga, hayaƙin murhu ya ci idanu da ƙirjin iyayenmu mata, kuma duk shekara sai an yi yaɓe kafin damina, in an yi sakaci soro ya rufta da mutane. Abin ɗauka shi ne hikimar, a haɗa ta da ilimin yau. Akwai masu yin haka. A garin Dandaji, shi ma a jihar Tawa, Mariyama Isufu Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da ake matsewa da inji, aka kammala a 2018. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga rufin kwano sama ya bar tazara tsakaninsa da silin, don iska ta riƙa kwashe zafi kafin ya sauko wa yara. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, wadda babu kamarta a fagen zanen gine-gine. Duniya tana zuwa koyon abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu, mu kuma muna jin kunyarsa.

To, me za ku yi? Ku fara da iska. Taga ɗaya ba ta shigo da iska yadda ya kamata, sai ta sami mafita. Idan gini kuke yi, kowane ɗakin kwana ya sami taga biyu a bango daban-daban, a kuma bar ƙaramar kafa can sama kusa da rufi, domin iska mai zafi sama take tashi. Kwano ba silin azaba ne. Bangon yamma shi ya fi shan rana, a kare shi da rumfa ko bishiya, a kuma shafa wa waje fenti mai haske, tunda baƙi da sauran launuka masu duhu zafi suke riƙewa. Idan haya kuke, ku janye duk abin da ya tare taga, ku sa raga saboda sauro. Da bazara ku rufe tagogi da tsakar rana lokacin da iskar waje ta fi ta ciki zafi, ku wangale su bayan magariba. Jikin mutum sai ɗuminsa ya ɗan sauka barci mai nauyi ke ɗaukarsa. Wanda ya kwana yana juyi cikin gumi, da safe fushinsa a kusa yake. Saɓani nawa ne tsakanin miji da mata ake ɗora wa hali ko dangi ko sammu, alhali mutum biyu ne da suka yi wata guda ba su yi barcin kirki ba?

Akwai kuma abin da ya shafi amare kai tsaye. An saba a gama fenti yau, a yi jere gobe, a kai amarya jibi, a rufe ƙofa da taga a turara ɗaki. Sabon fenti yana fitar da tururin sinadarai, haka ma gado da wardirof na katakon da ake yi da garin itace da gam. Cikin abin da irin wannan katako ke fitarwa akwai fomaldehaid, wanda ke sa yajin ido da ciwon kai da ƙaiƙayin maƙogwaro, kuma tun 2004 cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke iya jawo ciwon daji. A gama fenti da wuri, a bar ɗaki a buɗe makonni kafin tarewa. Turaren wuta yana da daɗi, amma hayaƙi ne, a bar masa hanyar fita, musamman in akwai jariri ko mai asma. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki da hunturu, da janareta a baranda kusa da taga, sun kashe iyalai cikin barcinsu. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari, ba ta da launi.

Na biyu haske. A jikin kowannenmu akwai tsarin da ke lissafa dare da rana, wanda ke faɗa wa jiki lokacin barci da lokacin kuzari. Masana uku da suka gano yadda yake aiki sun sami lambar Nobel ta likitanci a 2017. Abin da ya fi saita wannan tsari shi ne hasken safiya da ke shiga ido. Hasken waje, ko a inuwa kake, ya ninka na ƙwan lantarki a ɗaki sau gommai. Wadda ta wuni bayan labule mai kauri da fitila a kunne, jikinta bai san gari ya waye ba, sai ta wuni da kasala, dare ya yi kuma ido ya bushe. Ku yi labule hawa biyu: mai shara-shara fari na rana, mai kauri na dare. Ku sha kokon safe a tsakar gida ko bakin taga. Da dare kuma ku rage haske. Farin ƙwai mai kashe ido da fitilun silin masu launi-launi da hasken waya suna jinkirta sinadarin melatonin da ke kawo barci. Ƙwai mai ruwan ɗorawa ya fi dacewa da ɗakin kwana.

Na uku abu mai rai. In kuna da fili, ko taku biyar ne, kada ku rufe shi duka. Ku bar ƙasa inda ruwan sama zai nutse, ku dasa abin da zai ba ku inuwa ko abinci: darbejiya, mangwaro, gwaba, lemun tsami, gwanda, ko inabi a kan rumfa. Zogale cikin 'yan watanni yake fin mutum tsawo, ga miya ga kwaɗo. Lalle yana yin shinge, furensa da ƙamshi, ganyensa na kwalliya. Durumi da ceɗiya dai a nisanta su da gini da shadda, saiwarsu tana fasa bango. In ɗaki ɗaya kuke haya, tsohon bokiti ko galan da aka huda gindinsa ya isa a shuka na'ana'a ko ɗoɗɗoya ko alobera a bakin taga. Ruwan alwala ya ishe su.

Za ku ji masu sayar da fure suna cewa tsiro yana tace iskar ɗaki, suna jingina maganar ga hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA. Gaskiya ne ta yi gwaji a 1989, amma a cikin ƙananan akwatuna rufaffu aka yi shi. A 2019 masana biyu na Jami'ar Drexel suka sake bin gwaje-gwaje irin wannan, suka lissafa cewa sai an jera tsiro 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su yi aikin da musayar iska ta yau da kullum ke yi wa gini. Saboda haka tace iska aikin taga ne. Amfanin tsiro yana wani wajen. Yana ba ido wurin hutawa. Yana sauyawa, yau toho, gobe fure, jibi ganye ya faɗi, sai mutum ya riƙa jin tafiyar lokaci. Yana kuma buƙatarka. Wanda ransa ya yi nauyi, samun abin da dole ya tashi ya ba ruwa da safe ba ƙaramin taimako ba ne. Yaron da ya ga iri ya tsaga ƙasa ya koyi haƙuri tun kafin a yi masa wa'azinsa. Ga lada kuma, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi. Sai dai ku kula da abu biyu. Ruwan da ya kwanta a ƙarƙashin tukunyar fure, cikin mako guda zuwa kwana 10 sauro ke ƙyanƙyashewa a ciki, don haka a riƙa zubar da shi. Kuma inda yara ke rarrafe a guji zurma da bini-da-zugu, 'ya'yansu guba ne, da tumfafiya mai ƙaiƙayin nono a ido.

Na huɗu abin da hannu da ƙafa ke taɓawa. Tabarmar kaba ta fi kafet sanyi da bazara, kuma ana kakkaɓe ta a shanya, shi kuwa kafet ɗin bango-da-bango ma'ajiyar ƙurar hunturu ne. Zanen gado na auduga ya fi na leda shan gumi. Faifai da ƙwarya da buzu da tukunyar ƙasa da zane mai shunin marinar Ƙofar Mata, idan aka iya jera su, suna ƙawata ɗaki fiye da tarkacen roba, kuma kuɗinku ya shiga hannun maƙwabci mai sana'a. Wanda yake ganin tukunyar ƙasa ƙauyanci ce, ya juya takardar naira 20 ya ga Ladi Kwali tana ginin tukunya, matar da aka baje kolin aikinta a Landan. Sannan ku bar sarari. Ɗakin da gado ya cinye, ba wurin shimfiɗa sallaya, ba inda yaro zai yi rarrafe, mai shi kullum a takure yake ko bai san dalili ba. Daidai ruwa, daidai tsaki. Kujerar da aka ci bashi aka saya don a ce an yi, tana hana uban amarya barci a can, tana tare wa amarya iska a nan.

Ku samari masu gini, wannan naku ne. Kai da safe za ka fita kasuwa ko ofis, ka ga sama, ka zauna a majalisa ƙarƙashin bishiya, ka dawo bayan isha. Ita ce za ta wuni a ciki, watakila da goyo, watakila da ciki, nesa da gidansu. Idan ka cike rabin fulotinka da ɗakuna har jikin katanga, ka rufe ɗan abin da ya rage da kwano, ka hana ta ganin sama, kada ka yi mamaki in ka dawo ka tarar da fuska a murtuke. A aya ta 80 ta Suratun Nahli, Allah Ya lissafa gidaje cikin ni'imominSa a matsayin wurin natsuwa. Samar da wannan natsuwa yana cikin haƙƙin da ke kanka, kamar ci da sha da sutura. Kafin ka sa hannu a zanen gida, ka tambayi mai zanen ina tsakar gida, ina inuwa, ina iska. Ka kuma tambayi wadda za ta zauna a ciki.

Kada dai ku ɗora wa bishiya abin da ya fi ƙarfinta. Gida mai iska da inuwa ba ya maye gurbin haƙuri da kyakkyawar magana, kuma ba ya warkar da kowace cuta. Idan ƙunci ya zauna wa mutum fiye da mako biyu, ba ya jin daɗin abin da ya saba so, barci da cin abinci sun rikice, ko yana jin gara ma ya mutu, wannan ciwo ne da ke da magani. Haka mace mai jego da ta kasa daina kuka. A yi addu'a, a kuma kai su asibiti ba tare da jin kunya ba.

Kusan duk abin da na lissafa bai kai kuɗin kujera ɗaya ba, wasu ma kyauta ne. Amma akwai guda da kuɗi ba ya saya, wato shekarun da bishiya ke ɗauka kafin ta yi inuwa. Saboda haka ranar da kuka mallaki fili, tun kafin a haƙa harsashi, ku auna inda ɗaki zai tsaya, ku dasa bishiya a yamma da shi, ku kewaye ta da ƙaya saboda awaki, ku ba maƙwabci amanar ba ta ruwa. Ginin talaka yakan ɗauki shekaru, kafin ku tare ta riga ku girma. Allah Ya ba ku gidaje masu albarka, Ya sa ku zauna cikinsu da lafiya da kwanciyar hankali.